Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Matasa Masu Zane A Kwamfuta

Wata tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, tambayar da ba a rufa mako ban ji ta ba a shagona da ke nan Gwagwalada. Yaro zai leƙo da laftof a hammata, ko ɗalibar jami'a ta turo saƙo da daddare: "Oga, manhajata ta ce sabuwa ta fito. In danna?" Ni kuma sai in mayar da tambaya biyu: akwai aikin mutane a hannunka? Ka kwafe kayanka ka ajiye a wani wuri? Galibi dariya ake yi, a ce Oga ya cika tsoro. To, tsoron nan sayen sa na yi, kuma da tsada. Bari ku ji.

Wata shekara cikin bazara, lokacin da zafin garin nan ke sa mutum ya kwana a tsakar gida, aka ba ni aikin hotuna goma sha biyu na wani ƙaramin littafin tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi. Na gama tara, saura uku, kuma ranar Asabar za a zo karɓa. Daren Alhamis ina cikin zanen Gizo a bakin rafi, sai ga ɗan akwati ya faɗo a fuskar kwamfuta, wai sabon zubi ya fito da sababbin burusai. Raina ya biya. Na ce ai minti goma ne, kafin in sha shayi an gama. Na danna. Sandar da ke nuna ci gaban aiki ta kai wajen rabi, aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa, na sani, ina ta cewa gobe zan canza. Fuskar ta yi baƙi ƙirin.

Da aka kawo wuta wajen asuba, manhaja ta ƙi buɗewa, tsohuwar ta tafi, sabuwar ba ta zauna ba. Na goge komai na sake sakawa, ta buɗe. Sai dai gogewar ta tafi da wani abu da ban tuna da shi ba sai da na miƙa hannu zan ɗauka. Akwai burushin da na haɗa da kaina: na ɗauki hoton wani tsohon bangon ƙasa a hanyar Dobi, na tsame zanen tsagogin da ƙaiƙayin da ke jikinsa, na yi kwana da kwanaki ina daidaita shi har ya zama idan na shafa launi da shi sai ka rantse yumɓu ne. Da shi na yi bangon gidan Gizo da ƙasar gona a hotuna tara ɗin nan. Ba ni da kwafinsa a ko'ina. Na kwana biyu ina ƙoƙarin kwaikwayon kaina, amma duk wanda ya buɗe littafin nan da idon sana'a zai ga shafuka uku na ƙarshe kamar wani ne daban ya zana su. Mai aikin bai ce komai ba, ya biya ni, ya yi godiya. Bai sake dawowa ba. Babu wanda zan ɗora wa laifi, ni na fafe gorata ranar tafiya.

Da fenti na fara wannan sana'a, ina rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a tashi daga aiki sai an wanke burushi. Ko magariba ta kawo jiki, sai ka tsoma shi a gwangwanin kananzir, ka matse da tsumma, ka daidaita gashinsa da yatsu, ka kwantar da shi. Wanda ya bar fenti ya bushe a burushi, a kuɗin abincinsa za a cire. A lokacin muna ganin mugunta ce. Yau na gane darasin farko na sana'a yake koya mana, cewa kula da kayan aiki yana cikin aikin. Bambancin kawai shi ne, burushin maigidana yadda ka ajiye shi da yamma haka za ka tarar da shi da safe. Naku kuwa wasu mutane ne a wata ƙasa ke sake ƙera shi kuna barci, su turo muku ta intanet. Saboda haka ɗawainiyarku ta fi tamu.

A lura da na yi, masu zane a kwamfuta kashi biyu ne a wannan batu. Akwai masu rawar jiki, waɗanda da zarar sun ji sabo ya fito jikinsu na ɓari, ko da suna tsakiyar katin bikin da za a ɗaura gobe. Akwai kuma masu taurin kai, waɗanda suka kashe duk wata ƙofar sabuntawa tun ranar da suka sayi kwamfuta, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Dukansu biyun na ga sun yi kuka.

Mu fara da masu taurin kai. Yawancin ƙananan sabuntawa faci ne. Masu manhaja sun gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi, ko wani kuskure da ke sa aiki ya rufe ba sallama, sai su toshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 wani mugun bairos mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe fiye da 150, yana kulle fayilolin mutane ya ce sai an biya fansa, har asibitoci a Ingila suka tsaya da aiki. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan tsaga tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka ba. Ku sani kuma, tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na yau da kullum, alhali da yawa daga laftof ɗin tokumbo da muke amfani da su ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda ke riƙe da irin wannan kwamfuta ya kamata ya fara shiri tun yanzu: ko ya soma tara kuɗin canji, ko ya koyi Linux, wanda kyauta ne kuma manhajojin zane irin su Krita da GIMP suna aiki a kansa sarai, ko kuma ya rage shiga intanet da kwamfutar da yake neman abinci da ita.

Masu rawar jiki kuma su saurara. Ku dinga duba lambar da ke gaban sunan manhaja, domin tana magana. Idan lambar ƙarshe ce ta motsa, misali daga 5.2.1 zuwa 5.2.2, yawanci gyare-gyare ne, haɗarinsu kaɗan ne. Idan lambar farko ce ta canza, daga 4 zuwa 5, to an taɓa ginshiƙin gida. Da Krita 5.0 ta fito a watan Disambar 2021, masu ita sun faɗa ƙarara a takardar sanarwa cewa sun sake tsarin ajiye burusai da sauran kayan aiki gaba ɗaya, kuma burushin da aka haɗa a sabuwar ba zai yi aiki a Krita 4 ba. Sun kuma yi gargaɗin cewa girman rubutu a tsofaffin fayiloli na iya canzawa. Ba su ɓoye komai ba. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke karanta wannan takarda kafin ya danna? Minti biyar ne karatunta, kuma a cikinta ake faɗin abin da aka ƙara, abin da aka cire, da irin kwamfutar da za ta iya ɗauka.

Ku tuna kuma ba ku kaɗai ne a kasuwa ba. Aikinku sai ya bi ta hannun mai bugawa. Duk wanda ya taɓa kai fosta ko kalanda wurin masu buga takardu, a nan cikin gari ko a Garki, ya san CorelDRAW ce sarauniyar wajen, kuma ya san fayil ɗin da aka adana da sabon zubi ba ya buɗewa a tsoho. Shaguna da yawa har yau suna kan X7 ta 2014, wasu ma X3 ta 2006, domin da ita injinsu ya saba. Ka hau mota tun daga Gwagwalada, ka sha cunkoson hanya, ka isa mai shago ya sa filashinka ya ce, "Sai ka sauke min shi ƙasa," kai kuma laftof na gida. Maganin wannan mai sauƙi ne: kafin ka fito, ka kira ka tambayi zubin da suke da shi, ka adana kwafi a wannan zubin, ka haɗa da PDF.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin tarko da wasu ba su da shi, wato haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan sabuntawa ta sauya maka salon rubutu, ko kwamfutar mai bugawa ba ta da irin naka, sai ka ga ƙananan akwatuna sun zauna a gurbin haruffan, ko lanƙwasar ta ɓace. Katin da aka rubuta "ɗaurin aure" ya koma wani abu daban, "ƙofa" ta rasa kanta. Haka rubutun Larabci ke wargajewa, haruffa su rabu ko su juya baya, kuma kun san nauyin wannan idan aya ce ko addu'a a kalandar saukar karatu. Saboda haka kafin aiki ya bar hannunka, ka mayar da rubutun ya zama zane, a Corel da Ctrl da Q ake yi, amma ka ajiye wa kanka kwafin da ba a mayar ba saboda gyaran gobe. Salon rubutun da kake ji da su kuma ka tara su a folda guda, ka riƙe su kamar yadda tela ke riƙe almakashinsa.

To yaushe ake sabuntawa, kuma yaya? Ga yadda nake yi tun bayan daren Gizo. Ba na taɓa manhaja sai hannuna babu aikin kowa, ko aƙalla akwai kwana uku tsakanina da ranar alkawari. Idan babban zubi ne, nakan bar shi ya yi mako biyu ko uku a duniya tukuna, in ji abin da waɗanda suka riga ni ke cewa, domin sau da yawa gyara na biyu na biyo bayansa ba da jimawa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da zan yi, sai na tabbatar batir a cike yake, ko inbata na da ƙarfi, kuma datar da ke wayata za ta kai. Daga nan in kwafe abu huɗu zuwa filashi: burusaina, jerin launukana, salon rubutu, da tsarin maɓallan da hannuna ya saba da su. Kowace manhajar kirki tana da hanyar fitar da waɗannan. A Krita akwai foldar kayan aiki da za ka buɗe daga cikin saiti ka kwafe ta ɗungurungum, a Photoshop kuma ana fitar da burusai a fayil mai ƙarewa da abr. Ina kuma ajiye fayil ɗin saka tsohon zubin, saboda in sabon ya ƙi ni, in san hanyar komawa gida.

Bayan an sabunta, kada ka fara da aikin kuɗi. Buɗe kwafin wani tsohon zane mai hawa da yawa, ka duba: launuka na nan yadda suke? Rubutu bai motsa ba? Sannan ka ɗauki alƙalami ka ja layi guda, ka fara da sauƙi, ka danna a tsakiya, ka saki a ƙarshe. Idan layin ya fito siriri, ya yi kauri, ya sake sirancewa kamar ganyen gero, lafiya lau. Idan ya fito da kauri ɗaya kamar igiya, to allon zanenka da kwamfuta sun daina jin yaren juna. Yara da yawa a nan suke cewa allo ya lalace, har su fara neman kuɗin sabo. Yawanci lafiyarsa ƙalau. Tsakanin allon, ko Wacom ne ko Huion ko XP-Pen, da manhajar zane akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta. A Windows hanya biyu ce alƙalami ke bi ya isar da saƙo, WinTab da Windows Ink, kuma sabuntawa na iya sauya maka daga wannan zuwa waccan ba ka sani ba. Shiga saiti ka mayar. In bai yi ba, cire tsohon direba gaba ɗaya, kashe kwamfuta ka kunna, sannan ka saka sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera allon. Kada ka tara direbobin kamfanoni biyu a kwamfuta guda, kishiyoyi ne, ba sa zaman lafiya. Doka ta ƙarshe a nan: abu ɗaya ake canzawa a rana. Wanda ya sabunta Windows da direba da manhajar zane a dare guda, in abu ya lalace, bai san wanda zai kama ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, ajiya. Manhaja in ta ɓace ana sake saukewa. Zanen da ka yi kwana goma a kansa babu shagon da ake sayar da shi. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi casa'in cikin ɗari na fayilolin fim ɗin suka tafi. Suka ce ai akwai ajiya. Da suka je ɗaukowa, ashe ajiyar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, ta haihu, tana aiki daga gida, saboda haka akwai kwafi a kwamfutarta. A bargo aka naɗe kwamfutar nan aka sa a mota aka kawo ta ofis kamar jaririya. Darasi biyu ke nan: kwafi ɗaya ya kasance nesa da inda kake aiki, kuma ajiyar da ba ka taɓa gwada buɗewa ba, kada ka rantse da ita.

Ni wuri uku nake ajiye kowane aiki: a kwamfuta, a wani rumbun ajiya na waje da ke kwana a gida ba a shago ba, da kuma intanet ga ayyukan da suka fi muhimmanci. Duk ranar Juma'a bayan la'asar nake kwafewa, kuma duk wata nakan buɗe fayil biyu ko uku daga ajiyar in tabbatar suna numfashi. Kowane zane da na gama ina adana shi iri biyu, na asali mai hawa-hawa da za a iya gyarawa, da shimfiɗaɗɗe na PNG ko TIFF wanda kowace manhaja za ta buɗe ko bayan shekara ashirin. Ku daina sa wa fayil suna "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai", "na ƙarshe wallahi". Sa kwanan wata, sunan aiki, da lamba. Ku kunna adanawa ta atomatik, ku rage tazarar mintocinta, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi. Ga kuma wani sirri ga masu Krita: fayil ɗinta mai ƙarewa da kra ƙunshi ne irin na zip. In ya ƙi buɗewa, kwafe shi, canza ƙarshen sunan kwafin zuwa zip, ka buɗe. Sau da yawa za ka tarar da cikakken hoton a ciki da sunan mergedimage.png. Na taɓa ganin yarinya ta share hawaye saboda wannan dabara, aikin kammala karatunta ne.

Sai batun mallaka. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma ko da zanen ɗaurawa suke nufi, maganar ta hau kan namu zanen daram. Photoshop ta fito a 1990, kuma shekara da shekaru in ka saya ka saya ke nan. A 2013 kamfanin Adobe mai ita ya sanar cewa daga zubin CS6 an rufe wannan babi, sai haya wata-wata. Haya na da daɗinta, kullum kana da sabo. Amma mai haya ba shi da ikon ƙofa. A watan Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Sai daga baya da aka ba kamfanin izini na musamman aka fasa. Masu zanen can ba su yi laifin komai ba, siyasa ce ta bi ta kansu. A ƙarshen 2022 kuma aka cire yawancin jerin launukan Pantone daga manhajojin Adobe, mutane suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar wasu launuka sun koma baƙi, sai an biya wata hayar dala 15 a wata. Mu a nan ga ƙarin kaya: hayar da dala ake biya. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Manhajar ba ta canza ba, kuɗinta ya ninka fiye da sau uku a aljihunmu.

Na san inda hankalin wasunku ya tafi. "Oga, ai akwai kirak," wato manhajar sata. Na sani, na kuma san a kasuwa ana loda wa mutum manhaja goma a kan kuɗin da bai kai na cin abincin rana ba. Amma ku dubi abin da ake cewa ku yi kafin a saka ta: a kashe mai gadin kwamfuta, wato manhajar kariya. Wane baƙo ne na arziki zai ce sai an ɗaure kare kafin ya shigo, kuma a kashe fitila? Akwai wani dangin bairos mai neman fansa da ake kira STOP ko Djvu, wanda babbar hanyarsa ta shiga kwamfutocin mutane ita ce irin waɗannan manhajoji na sata. Sannan manhajar kirak ba ta sabuntuwa, duk tsagar da ke jikinta da ita za ka zauna. Kowa ya hau motar kwaɗayi, kun san tashar da zai sauka. Bayan wannan akwai haƙƙi. Wanene a cikinku ransa bai ɓaci ba ranar da ya ga zanensa a jikin rigar wani ko fostar wani, an goge sunansa? Abin da ba ka so a yi maka, kada ka fara sana'arka da yi wa wani.

Kuma ba dole ba ce. Krita kyauta ce a shafin masu ita, halal, kuma don masu zanen hannu aka gina ta. GIMP tana nan tun 1995, Inkscape na yin aikin tambari da rubutu. Mai waya ko ƙaramin allo yana da ibisPaint da Sketchbook. Mai iPad yana da Procreate da ake saya sau ɗaya. In sana'a ta kai ka inda abokan hulɗa ke buƙatar Photoshop ko Clip Studio Paint, to ka biya, ka sa kuɗin a cikin farashin aikinka kamar yadda mai shago ke sa kuɗin haya da man janareto. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku bari duk dukiyarku ta kasance a ɗakin da makullinsa ke hannun wani. Ku iya manhaja biyu aƙalla, ku kuma riƙa fitar da aikinku a sigar da kowa ke buɗewa.

Ita ma kwamfutar tana da haƙƙi a kanku. Zafin Gwagwalada ba ya buƙatar gabatarwa, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Sau da yawa yaro zai ce manhaja ta yi nauyi, burushi na bin alƙalami a baya kamar akuyar da ake ja, ya ɗauka sabuntawa ce magani. Ka taɓa ƙasan laftof ɗin ka ji kamar dutsen guga. Idan na'ura ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kada ku ɗora ta a katifa ko a cinya kuna zane, ku ɗaga bayanta iska ta ratsa, ku kai a share fankarta in hunturu ya wuce. Ku bar wa rumbunta sarari, domin manhajar zane na aron wuri a can idan aiki ya yi girma. Bakin alƙalami in ya cinye ya yi kaifi a canza shi kafin ya karce allo. Batir in ya mutu a sa sabo, kada a ce gobe. Kun ji abin da gobe ta yi min.

Kafin in ajiye alƙalami, ku laluba aljihu ku ciro naira ashirin, ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya maƙwabciyarmu ce, Ladi Kwali, daga Kwali nan gaba da mu a hanyar Lokoja. A gida ta koyi ginin tukwane da hannu, irin na matan Gwari. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta wancan lokaci, wadda yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Can ta tarar da sababbin kayan aiki: faifan juya yumɓu, ruwan ƙyalli, da murhu mai tsananin zafi. Ba ta guje su ba, ta koya, ta ƙware. Amma manyan tulunanta da suka kai ta Landan da Amurka, da hannu ta ci gaba da gina su, tana zana musu ƙadangaru da kunamu da kifaye da tsuntsaye kamar yadda ta taso tana yi, sannan a gasa su a sabon murhu. Ta ɗauki abin da ya ƙara wa aikinta ƙarko, ta riƙe abin da ya sa aikin ya zama nata. Ta rasu a 1984, kuma yau ba wanda ke tambayar wane irin murhu aka yi amfani da shi. Hannunta ake ganewa.

Saboda haka idan ɗan akwatin nan ya sake faɗowa a fuskar kwamfutarku yana cewa sabo ya fito, ba sai kun turo min saƙo ba. Ku duba ko akwai amanar wani a hannunku. In akwai, ku danna "sai an jima", ku gama, ku miƙa. In babu, ku kwafe kayanku, ku karanta takardar, ku duba batir, sannan ku danna da bismillah. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bangon nan na hanyar Dobi kuwa, na koma nemansa bayan damina ta wuce. Na tarar an rushe shi an yi ginin bulo. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare muku abin da hannuwanku suka gina.